Hedifon mai rufaffen baya: wanne ya fi fitar da waƙa yadda take?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sauti. Na daɗe ina sauraron waƙa da iyafis ɗin da ya zo da wayata, yanzu kuma na tara ɗan kuɗi ina so in sayi babban hedifon na kirki, mai rufaffen baya, wato wanda bayan kokonsa a toshe yake. Dalilina shi ne sai dare ya yi nake samun sukunin saurare, lokacin iyali sun kwanta, ɗakin kuma ɗaya ne, ba na so sautin ya riƙa fita yana tashin yarinya. Ga kuma injin maƙwabta da ke kwana yana ruri. Guda huɗu aka ambata mini: Audio-Technica M50x, Beyerdynamic DT 770 Pro, Sony MDR-7506 da AKG K371. Ba aikin situdiyo zan yi ba, jin daɗin waƙa kawai nake so. Akasarin abin da nake ji kiɗan gargajiya ne, kalangu da gurmi da goge, sai waƙoƙin zamani jefi-jefi, da asuba kuma karatun Alƙur'ani. Wanne zan ɗauka?

Auta DJ: Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka wahalar da kanka, M50x kawai. Shekara uku ina amfani da shi, idan ganga ta sauka har a ƙirji kake ji. Yana naɗewa ka jefa a jaka, kebul ɗinsa ana cirewa, guda uku ma yake zuwa da su, kuma waya tana tuƙa shi ba tare da wata na'ura ba.

Mai Situdiyo: Auta, ka yi saurin yanke hukunci. Ka ji abin da ya ce yana saurare kuwa? Gurmi da goge ya ce, ba kiɗan gidan biki ba.

Auta DJ: Oga, waƙa waƙa ce. Abin da ya yi kyau a wannan zai yi kyau a wancan.

Mai Situdiyo: A nan ne ban yarda ba. Baban Ilham, duka huɗun nan sun ratsa ta hannuna, uku daga ciki suna rataye a situdiyona yanzu haka. Bari in faɗa maka yadda kunnena ya ji su.

M50x ba shi da laifi wajen ƙarfi da juriya, kuma gaskiyar Auta ne, om 38 ne (om ma'aunin yadda yake tirjewa wuta ne), kowace waya za ta iya da shi. Amma an ɗaga masa bes, wato kaurin sauti na ƙasa, musamman wurin da ganga ke bugawa, an kuma ɗan ɗaga sama, wato siraran sautuka. Da ka sa shi a kunne minti biyu na farko zai burge ka, shi ya sa yake saurin sayuwa a shago. Matsalar tana fitowa ne idan mawaƙi ya buɗe baki 'yan amshi suka karɓa: kaurin ƙasan yana hawa kan muryar, sai ka ji kamar mawaƙin ya ja da baya taku ɗaya. Sannan filinsa a matse yake. Makaɗa biyar za ka ji su a cunkushe tsakanin kunnuwanka biyu, kamar an tara su a ɗan ƙaramin shago.

DT 770 akasin haka ne ta wajen fili. A cikin masu rufaffen baya na wannan farashin ban ji wanda ya kai shi faɗi ba. Kokonsa babba ne, kunnenka yana shiga ciki gaba ɗaya ba ya taɓa komai. Bes ɗinsa yana nitsewa can ƙasa. Sai dai yana da tsini a sama, wajen Hz 8,000 zuwa 10,000 (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa), kuma wannan tsinin ba kowane kunne ke jure shi ba.

7506 kayan aiki ne. Da shi nake kama kuskure: numfashin mawaƙi, ƙarar fanka da ta shiga makirfo, inda aka yanka aka haɗa. Ba ya ɓoye komai. Amma in zan kishingiɗa in ji waƙa don nishaɗi, ba shi nake ɗauka ba.

K371 shi ne wanda zan miƙa maka in da a gabana kake. Muryar mutum tana fita a cikinsa kamar muryar mutum. Amma yana da sharaɗi, zan zo kansa.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: Mai Situdiyo, ka rage wa 7506 daraja. Na yi shekara sama da ashirin a gidan rediyo, da shi muka yi aiki har na ajiye. Tun 1991 Sony ke yin sa, kafin shi akwai yayansa V6 na 1985, kuma har yau in ka ga masu ɗaukar sautin fim da 'yan jarida a fili, shi ne a wuyansu. Abin da ya shekara talatin da ɗoriya a kasuwa ba a canza masa fasali ba, ai ba a banza ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga shi ba nauyi, giram 230 ne, ga shi ya fi sauran araha. Kuma yaron nan ya ce yana sauraron karatu da asuba. A wajen fitar da harafi, ka ji makhraji tsaf, ban ga na biyunsa ba.

Mai Situdiyo: Allah ya ja kwana Kawu, ban musa ko ɗaya ba. Amma dalilin da ya sa yake fitar da harafi shi ne dalilin da ya sa yake gajiyar da kunne a waƙa. An turo saman tsakiyarsa gaba. A magana wannan alheri ne. Ka sa masa algaita ko kukuma na awa ɗaya, za ka ji kunnenka na neman hutu.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: Algaita ai ko a fili ka tsaya kusa da ita haka take, ɗana. Ba a yi ta don ta lallashi kunne ba, don a ji ta daga nesa aka yi ta. Na fi son abin da zai ba ni ita yadda take.

Hajiya Mai Shiri: Ina bin muhawarar nan da sha'awa. Ni ma a gidan rediyo nake, kullum hedifon na kaina. Ina so in ƙara wani abu a kan DT 770 wanda ya shafi harshenmu kai tsaye. Hausa cike take da s da sh da ts. Ka ɗauki baiti ɗaya mai kalmomi irin su tsuntsu, sassafe, shashasha, ka saurara a cikinsa. Kowane s sai ya fito da kaifi kamar ana wasa wuƙa. In rikodin mai kyau ne, abin ba ya damu, har ma yana sa ka ji ƙyallin kiɗan. Amma waƙoƙinmu na zamani da yawa tun daga situdiyo an riga an ƙara musu sama, an matse muryar, an bi ta da na'urar gyaran murya. Ka haɗa wannan da tsinin DT 770, abin ya yi yawa. Ga tsofaffin rikodin na gargajiya da aka kwaso daga kaset, duk shuuu ɗin kaset ɗin zai ɗago maka shi.

Amma wajen daɗin sawa, gaskiya ban ga kamarsa ba. Soson kunnensa na yadi ne mai laushi kamar karan-miski, ba ya tara gumi kamar na leda.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Mu nan kaske muke ce masa. Hajiya ta taɓo inda nake so. Ku duka kuna maganar sauti kun manta da zafi. A watan Afrilu nan Maraɗi zafi na wuce digiri 40, kuma na san Kano da Sakkwato ba su da bambanci da mu. Kaske mai soson leda, minti talatin kunnenka ya jiƙe sharkaf. Wanda ba ka iya barinsa a kai, me daɗin sautinsa zai amfana maka? Ni saboda haka na zaɓi DT 770 mai om 80. Lokacin hunturu yana kwasar ƙura, gaskiya ne, amma sai in ciro soson in wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu in shanya a inuwa. Kuma kamfanin, can Heilbronn ta Jamus, yana sayar da kayan gyaransa ɗai-ɗai, soso da abin kai da sauransu. Tun 1985 ake yin sa.

Auta DJ: To amma kebul ɗinsa ba ya cirewa, kuma mita uku ne. Mutumin da ke kwance a gado da waya a hannu me zai yi da igiya mita uku?

Ɗan Maraɗi: Wannan gaskiya ne ƙanena. Ni naɗe shi nake yi in ɗaure. Akwai mai om 32 da gajeren kebul, amma shi soson leda gare shi, ka ga an koma gidan jiya. Wanda ke da hali akwai DT 700 Pro X da suka fitar a 2021, om 48, kebul ɗinsa na cirewa, kuma an rage masa tsinin nan da Hajiya ta faɗa. Sai dai kuɗinsa ya fi.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Amma maganar om ɗin nan ta fara rikita ni. Wani ya ce mini mai om 250 ya fi kowanne sauti. In haka ne me zai hana in saye shi kawai?

Malamin Fizis: Bari in shigo nan, don wannan fannina ne. Om ba ma'aunin kyau ba ne, ma'aunin yadda na'urar ke tirjewa wutar da aka tura mata ne. Lissafin mai sauƙi ne: ƙarfin da zai shiga hedifon shi ne bolt sau bolt, a raba da om. Ɗauki waya ko ɗan mahaɗin USB-C da ke ba da bolt 1. A om 250 za ka samu miliwat 4 kacal. A om 80, miliwat 12 da rabi. A om 38 na M50x, wajen miliwat 26. DT 770 yana ba da desibel 96 a miliwat ɗaya (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne), don haka mai om 250 zai tsaya wajen desibel 102 a ƙololuwa, mai 80 kuma wajen 107. Kamar ya isa ko? To amma wayoyi da yawa ba sa kai bolt 1, wasu rabinsa suke bayarwa, kuma rabin bolt na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin. Sannan tsofaffin rikodin na gargajiya da kake ji ba su da ƙara kamar na yanzu. Sai ka ƙure maɓallin ƙara amma kalangu ya fito ba kuzari. Mai om 250 na wanda ke da amfilifaya ne ko akwatin sauti na situdiyo. In waya ce abin sauraronka, kada ka wuce 80.

Tun da na fara, bari in faɗi abin da ke sa masu rufaffen baya suke bambanta da juna haka, alhali duk sifika ce a cikin koko. 'Yar sifikar da ke ciki gaba da baya take motsawa, tana tura iska zuwa kunnenka, tana kuma tura wata ta baya. A mai buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, ta bayan ficewa take yi ta raga ta tafi abinta, shi ya sa sautinsa ke da sarari, shi ya sa kuma na kusa da kai ke jin duk abin da kake ji. A mai rufaffen baya ba ta da mafita. Sai ta bugi bangon kokon ta dawo ta sake bugun sifikar. Ka yi magana a cikin tulu ka ji yadda muryarka ke canzawa, wasu sautuka su kumbura wasu su nitse. Aikin injiniyoyin kamfani shi ne su kashe wannan amsa-kuwwar da soso da auduga da 'yan ƙananan ƙofofin iska. Kowane kamfani da yadda ya warware matsalar, shi ne bambancin da Mai Situdiyo ya ji.

Mai Situdiyo: Madalla Malam. Ka buɗe mini ƙofar sharaɗin K371 da na ce zan dawo kansa. Bes ɗin mai rufaffen baya ya dogara ne da soson ya manne da fatarka ba ƙofa ko kaɗan. Iskar da ke tsakanin sifika da kunnenka a kulle take, da ta samu hanyar zurarewa, ƙasan sautin ya tafi. K371 ba ya matse kai sosai, sosonsa kuma mai laushi ne, saboda haka abu kaɗan ke ɓata masa zama. Na ga mutum biyu sun saurari guda ɗaya a situdiyona, waƙa ɗaya, ɗaya ya ce bes ya yi masa yawa, ɗaya ya ce babu bes sam. Na biyun tabarau ne a idonsa mai kaurin hannu. Da ya cire ya sake sawa, sai ya ɗago ya dube ni. Baban Ilham, kana sa tabarau?

Baban Ilham: Ina sawa kuwa, na ƙara gani. Amma da dare in zan kwanta cirewa nake yi.

Hajiya Mai Shiri: Ba tabarau kaɗai ba. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Ɗaurin ɗankwali in ya sauko kan kunne, ko hijabi, ko kitso mai tudu a gefe, duk suna ɗaga soson. A wurin aiki in ina da hijabi sauti daban nake ji, in na zo gida na sa shi a kan kunne kai tsaye sauti daban. Ku ma maza bakin hula yana yin haka in ta zauna ƙasa sosai. Duk wanda zai gwada hedifon, ya gwada shi a yanayin da zai riƙa sa shi.

Auta DJ: To ai kun dawo kan maganata. M50x yana kama kai gam, ba ruwansa da wannan lalurar.

Mai Situdiyo: Yana kamawa, amma kokonsa ƙarami ne, mai manyan kunnuwa zai ji soson na danne masa gefen kunne, bayan awa ɗaya ya fara zafi. Kuma Auta, ina so ka yi mini adalci a abu ɗaya. Kai a gidan biki kake aiki, sifiku na ruri ta ko'ina, kana buƙatar bugun ganga ya fito fili don ka haɗa waƙa da waƙa. Buƙatarka daban da ta mutumin da ke kwance cikin dare yana so ya ji yadda makaɗi ke matsa tsarkiyar kalangu da hammata sautin ya hau ya sauka. Wannan hawa da saukar ita ce maganar kalangu, kuma a tsakiyar sauti take zaune, ba a can ƙasa ba. In bes ya kumbura ya rufe ta, ka ji bugu amma ba ka ji zancen ba.

Auta DJ: Na yarda da wannan Oga. Amma ni dai in waƙa ba ta da nauyi a ƙasa ba na jin ta a jikina. Ba laifi ba ne mutum ya so bes.

Malamin Fizis: Ba laifi ba ne ko kaɗan, kuma bincike ma ya goyi bayanka ta wani ɓangare. Kamfanin Harman, wanda ya mallaki AKG, shi ma kuma Samsung ta saye shi a 2017, ya shafe shekaru yana gwaji ƙarƙashin Sean Olive da abokan aikinsa. Sukan sa mutane su saurari sauti iri-iri ba tare da sun san wane hedifon ake kwaikwaya musu ba, su zaɓi wanda ya fi musu daɗi. Daga nan suka fitar da wani ma'auni na yadda ya kamata ƙasa da tsakiya da sama su daidaita. Kusan kashi 64 cikin ɗari na masu sauraro sun fi son wannan ma'aunin yadda yake, wajen kashi 15 sun fi son a ƙara bes, wajen kashi 21 kuma a rage. K371 da ya fito a 2019 an gina shi ne a kan wannan ma'aunin. Ka ga ke nan Mai Situdiyo yana cikin masu rinjaye, Auta yana cikin kashi 15, Kawu kuma ina kyautata zaton yana cikin kashi 21. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin lura a ma'aunin nan shi ne ba ya ƙin bes. Yana ɗaga shi ne can ƙasa, ƙasa da Hz 100 ko kusa da haka, ya bar wurin da muryar namiji ke farawa a share. Shi ya sa K371 ke iya ba ka gurnanin tambari ba tare da ya shafa wa mawaƙi laka a murya ba.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: Malam, ina girmama bincike. Amma waɗanda aka gwada ɗin nan, da goge aka gwada su ko da gurmi? Kunnen da ya tashi da wani kiɗa daban yake da wanda ya tashi da wani.

Malamin Fizis: Tambaya ce mai kyau Kawu. Abin da zan ce shi ne, hedifon bai san sunan kayan kiɗa ba, girgizar iska kawai ya sani. Wanda bai ƙara wa wani wuri ba bai rage wa wani ba, zai yi wa goge adalci kamar yadda zai yi wa kowace tsarkiya. Amma na yarda cewa hukuncin ƙarshe na mai kunnen ne. A wannan harka ji ne ke korar gani.

Ɗan Maraɗi: Ba a amsa masa maganar injin maƙwabta ba fa.

Malamin Fizis: Gaskiya ne, kuma amsar ba za ta yi masa daɗi sosai ba. Rufaffen koko yana tare siraran sautuka da kyau, kukan yara, ƙarar cokali, maganar mutane. Amma rurin inji can ƙasa yake. Ƙananan janareta suna juyawa sau 3,000 a minti don su ba da wuta mai Hz 50, wato sau 50 a daƙiƙa, kuma irin wannan gurnanin yana ratsa roba da soso kamar babu su. Ko Sennheiser HD 280 Pro da ya yi suna wajen toshe hayaniya, a sama yake yin aikinsa. Abin da ke kashe rurin inji shi ne hedifon mai na'urar soke hayaniya, irin Sony WH-1000XM4 ko na Bose, masu makirfo da ke sauraron ƙarar waje su fitar da kishiyarta. Su ma rufaffen baya gare su. Amma sun fi tsada, sai da caji, batir kuma yana tsufa, kuma yadda suke fitowa daga kwali bes ɗin wasunsu a kumbure yake, sai an shiga manhajarsu an rage.

Ina roƙonka abu ɗaya Baban Ilham. Idan inji na ruri yana danne bes ɗin waƙa, hannu da kansa yake zuwa ya ƙara sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ka saita ƙarar lokacin da gari ya yi shiru, ka lura da inda take, kada ka wuce nan ko da an tayar da inji.

Hajiya Mai Shiri: Allah ya saka da alheri Malam. Ina da abokan aiki da suke fama da ƙara a kunne dare da rana saboda wannan. Abin tausayi ne wallahi.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗan koyo ne. Ina so in ja kunnen Yaya kan jabu. Bara na sayi M50x a wani shago da rabin kuɗinsa, ina murna na yi sa'a. Kwali da tambari duk daidai. Na yi wata biyu ina cewa ashe abin da ake ta yabo ke nan, sauti kamar daga cikin bokiti. Sai da na haɗa shi da na wani abokina na gaske na gane abin da na saya. 7506 ma an cika kasuwa da jabunsa. Araha ba ta ado. In farashin ya yi ƙasa da yawa, ka bar shi.

Mai Situdiyo: Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Wannan ma na cikin abin da ke rikita muhawara irin wannan, wani yana kushe abin da bai taɓa jin na ainihinsa ba.

Baban Ilham, ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka saya da maganar kowa a cikinmu. Ka zo situdiyo ranar Asabar bayan la'asar, akwai M50x da DT 770 da 7506 a nan, K371 kuma zan karɓo wajen wanda na sayar wa. Ka zo da wayarka, da waƙoƙi uku da ka haddace su kamar sunanka. Amma ka tabbata masu kyau ne. In fayil ɗin MP3 ne mai kilobit 128 a daƙiƙa, wato wanda aka matse sosai, da ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, an riga an yanke masa sama tun daga wajen Hz 16,000, an kuma dagula ƙananan sautukansa, babu hedifon da zai dawo da abin da aka zubar.

Malamin Fizis: Ku kula da daidaita ƙara lokacin gwajin. Wannan shi ne tarkon da kowa ke faɗawa. 7506 yana ba da desibel 106 a miliwat ɗaya, DT 770 kuma 96. In ka cire wannan ka sa wancan ba ka taɓa maɓalli ba, ɗaya zai fi ɗaya ƙara nesa ba kusa ba, kuma kunnen ɗan Adam kullum yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana rage jin bes da sama fiye da tsakiya. Don haka ku sa muryar mawaƙi ta zo daidai a duka kafin ku yanke hukunci. Kuma kowanne ya yi aƙalla minti goma sha biyar a kansa.

Auta DJ: Ni ma zan zo. Ina so in ji wannan K371 ɗin da kuke ta kurantawa.

Baban Ilham: Jama'a, na dawo da rahoton gwajin. Jiya mun yi kusan awa uku a wajen Mai Situdiyo, Allah ya saka masa, har shayi ya haɗa mana. Na tafi da wata tsohuwar waƙar fada mai kalangu da 'yan amshi, da wani kiɗan gurmi, da waƙar zamani guda, sai karatu.

Da farko M50x ya fi burge ni, kamar yadda aka faɗa. Da muka daidaita ƙara na koma kan waƙar fadan, sai na lura ba na rarrabe bakin 'yan amshi, sun zama murya ɗaya mai kauri. A DT 770 na ji su a jere, har na iya cewa wannan yana hagu wancan yana dama, kuma shi ya fi daɗin zama a kai ba tantama. Amma shuuu ɗin kaset ɗin ya dame ni, kuma a waƙar zamani sai da na rage ƙara saboda kaifin s, daidai yadda Hajiya ta ce. 7506 a karatu babu kamarsa, Kawu ya yi gaskiya, har inda mai karatu ke jan numfashi na ji. A gurmi kuma sai na ji tsarkiyar ta fito amma ƙoƙon ba shi da jiki.

K371 bai ba ni mamaki a minti na farko ba. Sai da waƙar ta yi nisa na lura na daina sauraron hedifon, waƙar nake saurare. Akwai wani wuri da makaɗin ke amsa wa mawaƙin da kalangu, shekara da shekaru ina jin waƙar nan ban taɓa gane cewa kirarin da aka yi a baitin baya yake maimaitawa ba sai jiya. Na gwada da tabarau, ƙasan ya ragu sosai. Na cire, ya dawo. Tun da a kwance nake saurare ba tabarau, shi zan saya. Abin da ya rage mini damuwa shi ne zafi, don sosonsa na leda ne kuma kunnena ya yi gumi.

Auta DJ: Na ji shi ni ma. Murya tana fita da kyau, ban musa ba, kuma ƙasansa ya fi yadda na zata zurfi. Amma ina nan kan M50x ɗina, don a wajen aiki ina buƙatar abin da zai jure jifa da naɗewa kullum, kuma K371 bai yi mini kama da mai jure wannan ba.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: Allah ya sa albarka ɗana. Ka samu ƙyalle mai laushi ka riƙa goge soson duk lokacin da ka cire, gumi ne ke cinye ledar har ta fara ɓarewa. Kada ka bar shi a mota ko inda rana ke bugu.

Ɗan Maraɗi: Kuma kada ka yi saurin canza masa soso zuwa na yadi don gudun zafi. Yadi yana barin iska ta wuce, bes ɗin da ka saye shi dominsa zai ragu. DT 770 da yadin aka auna shi tun farko, shi ya sa ya zauna masa.

Hajiya Mai Shiri: Malamin Fizis, ni kuma tawa tambayar ke nan tun da DT 770 ne a hannuna kuma ba ni da niyyar sayen wani. Akwai yadda zan rage masa tsinin nan a waya?

Malamin Fizis: Akwai Hajiya. In Android ce, ki sauke manhajar Wavelet, ki nemi sunan hedifon ɗinki a ciki, ki zaɓi mai om ɗin da ya dace da naki, zai ɗora masa gyaran da aka riga aka auna. A kwamfuta mai Windows kuma Equalizer APO. In kin fi so ki yi da hannu, ki je wajen Hz 8,000 ki rage desibel 4, ki saurari baitin nan naki mai yawan s, in bai isa ba ki ƙara rage ɗaya. Ki gwada yau da dare ki faɗa mana yadda kika ji.